SAMBABA, GARIN MASU AURAR DA FURE

Ƴan uwa manoma, yau za mu kai ku Madagaska, babban tsibirin da ke cikin teku gabas da Afirka. Can arewa maso gabas akwai garin Sambaba da maƙwabcinsa Antalaha. Ƙasa ce ta ruwa da ɗumi, ganye shar shekara duka. Arzikinsu wata shuka ce mai ƙamshi da ake kira banil, wadda ake sa ma kek da madara. Babu ƙasar da ta kai Madagaska nomanta.

Banil tana yaɗo, tana hawan icce kamar soso. Ba ta son rana mai zafi, ba ta son ruwa ya kwanta gindinta. Manomi shi kan dasa yankakken reshe jikin iccen inuwa, ya rufe gindin da busasshen ganye, sannan ya yi haƙurin shekara 3 kafin fure na farko.

Ga inda aikin yake. Asalin shukar daga Meziko ne, kuma ƙwarin da ke yi mata barbara ba su Madagaska. Sai mutum ya yi da hannu, kamar yadda masu dabino na Ingal suke yi. Kowane fure yini guda yake buɗewa, da safe. In rana ta yi ba a taɓa shi ba, ya tafi ke nan. Daga oktoba zuwa disamba, maza da mata su kan yi sammako da ɗan tsinke, suna haɗa namiji da mace, fure bayan fure. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano wannan dabara a 1841 a tsibirin Reyuniyon.

Bayan wajen wata 9 ɗiyan suka nuna, dogaye kamar wake, amma babu ƙamshi tukuna. Sai an tsoma su ruwan zafi, an lulluɓe da bargo sun yi zuffa, an shanya rana da inuwa, an adana cikin akwati wata da watanni. Kilo 5 ko 6 na ɗanye ke bada kilo guda busasshe.

A watan maris 2017 guguwar Enawo ta afka ma yankin. Kilo guda ya kai wajen dalar Amurka 600, wato jika 300 da ɗoriya na kuɗinmu. Ɓarayi suka yi yawa, manoma suka koma kwana gona, suna yi ma kowane ɗa shaida da allura. Waɗansu suka tsinke tun bai ƙosa ba, kyan kaya ya ragu. Daga baya farashi ya faɗi warwas.

Manomin albasa na Galmi ya san wannan ciwo. Wanda ya bar shinkafarsa don banil, shi ya fi shan wuya. Ku ma, kowace shuka ta kuɗi ta zo, kada rumbun hatsi ya zauna wofi.