Mai Horo Ma Yana Bukatar Mai Sa Masa Ido

A Amurka akwai wata sana'a da ake kira nazarin ɗabi'a. Masu ita suna bin sawun B. F. Skinner: su duba abin da ya faru kafin yaro ya yi wani hali, su duba abin da ya biyo baya, su ƙirga sau nawa halin ke aukuwa. A aji ina ganin amfanin wannan. Yaron da ke tada hayaniya duk lokacin lissafi, in aka kore shi waje, an ba shi abin da yake nema ne, gobe ma zai sake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu sana'ar suka haɗa kansu a jihar Fulorida, da dalilin yin hakan.

A 1972 asiri ya tonu a wata cibiyar kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ake kira Sunland, a birnin Miyami. Ana dukan yara, ana hana su abinci, ana wanke musu baki da sabulu, ana kulle su a ɗaki, duk da sunan gyaran hali. Kwamitin bincike ya gano cewa abin da ake yi ba shi da alaƙa da ilimin da aka fake da shi. Daga nan jihar ta kafa ƙa'idoji da tsarin sa ido. A 1980 ƙwararrun jihar suka kafa ƙungiyarsu, FABA, wadda daga baya ta rubuta dokokin aiki ga ƴaƴanta. Jarabawar shaidar ƙwarewa ta Fulorida kuma ita ce tushen hukumar BACB da aka kafa a 1998.

Ilimin yana nan tun kafin 1972, bai hana zalunci ba. Abin da aka rasa shi ne abokan sana'a na kusa, masu hurumin shiga su ce: "Wannan ba aikinmu ba ne, dakata."

A nan labarin ya taɓa ni. Malami a ƙauye yakan rufe ƙofa da yara masu yawa, babu mai ganin yadda yake horo. Wani ya ɗauki bulala, wani ya sa durƙuso a rana, kowa ya ce tarbiyya ce. Muna da tarukan CAPED, amma a waɗanda na halarta mun fi magana kan shirya darasi.

Ina fata a taro na gaba kowane malami ya zo da hali guda da ya ƙirga tsawon mako biyu, da abin da ya gwada, da sakamakon. Ku kuma iyaye, in an ce an hori ɗanku, ku tambaya: da me aka hore shi, kuma halin ya ragu?