Ɗigon Baƙin Mai A Tsakar Gida

A yawancin gidajenmu mota kayan maigida ce, namu shi ne mu shiga mu zauna, idan kuma ta lalace mu ce Allah Ya kyauta. Amma fa ki lura, idan mota ta fara yoyon mai, ba maigida ne ke fara gani ba, domin shi da ya tada ita ya ja sai ya fice. Ke da kike sa a share tsakar gida, ke ce kike ganin baƙin tabon da ta bari a kan siminti, har kina faɗa wai an ɓata miki wuri. To wannan tabon magana yake yi, uwargida, kuma bai fi ƙarfin ki ji abin da yake faɗa ba.

Ni dai tilas ce ta koya mini. An yi wa Abban yara canjin wurin aiki zuwa wani gari, sai ƙarshen wata yake zuwa, ya bar mini tsohuwar Corolla ƙirar 2006 da yara huɗu da za a kai boko da safe, Islamiyya da yamma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin cefane ya koma, don haka duk nairar da ta tafi gareji, daga tukunya ta fita.

Abu na farko da ƙanena ya nuna mini shi ne dabarar kwali. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da daddare, da safe ki jawo ki duba. Idan ɗigon baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai santsi a yatsa, baƙin mai ne. Idan ja ne, galibi man giya ne. Kore ko ruwan hoda mai ɗan danƙo, ruwan lagireto ne, kuma wannan ki goge shi nan take, domin yana da zaƙi a baki alhali guba ne, ga mu da masu rarrafe. Idan kuwa ruwa ne garau bayan an kunna esi, ki kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne.

Sai awon mai. Mota tana tsaye a wuri mai daidai, an kashe ta da kamar minti 10, ki zaro sandar awon, ki goge da tsumma, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, man ya tsaya a tsakaninsu. A irin ƙananan motocinmu, tazarar alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ce. Kada a cika ya wuce ta sama da sunan ƙauna, yawansa ma kan jawo yoyo. Idan kuma kina tafiya jar fitilar nan mai kama da buta ta kama, kada ki ce bari in ƙarasa gida. Ki gangara gefe ki kashe. Inji ba ya jure tafiya babu mai, cikin 'yan mintoci zai iya bugawa.

Wata biyu da tafiyar maigida, motar ta fara karkarwa idan na tsaya a danja, tana jan ƙafa a hawa, ga shan fetur kamar ana zubarwa. Na kai ta wani gareji. Bakaniken ya zaro koyil ɗaya, ya nuna mini mai sharkaf a jikinsa, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, inji ya gaji, sai an sauke an yi ringi." Kuɗin da ya ambata ya haura kuɗin makarantar yara biyu na zango guda. Na ce masa zan yi shawara, na lallaɓo da ita gida, a ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Da ƙanena ya zo da safe, inji ya kwana ya huce, sai ya miƙo mini sifana ya ce, "Yaya, ke za ki kwance, ni kallo zan yi." Kafin in taɓa komai sai da ya sa na cusa gefen hijabina cikin zani na ɗaure tamau. Wannan kada ki yi wasa da shi, mayafi da fanbel ba sa ga maciji, kuma kada ki sunkuya kan inji yana aiki da sutura tana reto.

Fulogi shi ne ke ba da tartsatsin wutar da ke kunna fetur a cikin inji, motar tamu guda 4 gare ta, kowanne a cikin rami mai zurfi da koyil a kansa. Da muka haska tocila, rami biyu cike suke da mai. Muka tsane shi da tsumma a jikin sukundireba kafin mu kwance, don kada ya gangara ciki. Sannan na zaro fulogin da soket mai lamba 16. A nan ne ya nuna mini abin da ya raba gardama. Man yana jikin farin tangaran ɗin na sama ne, amma bakin fulogin, wato inda ke cikin wuta, a bushe yake, launin toka-toka. Ma'ana daga sama man yake zubowa, daga robar da ke ƙarƙashin murfin inji, wadda zafi da shekaru suka busar har ta tsage. Da ringi ne ya mutu, bakin fulogin ne zai jiƙe ya yi baƙi, kuma salansa ta riƙa fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Tamu ba ta hayaƙi ko kaɗan.

Ban ce bakaniken nan ya yi niyyar cuta ba, Allah ne masanin zuciya, amma ko fulogi ɗaya bai kwance ba kafin ya yanke hukunci. Kuma na lura idan mace ce ta kawo mota, wasunsu ba sa ganin akwai buƙatar yi mata bayani.

Ina riƙe da fulogin nan sai na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, da Fijo 504 ɗinsa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ranar Asabar yakan jera fulogoginta a kan tire, ya goge su da samfefa, ya karanta su kamar malami da allo: wannan baƙin busasshe fetur ya yi yawa, wannan da ya yi fari fat zafi ya yi yawa. Mu 'yan mata aikinmu kawo ruwan wanke hannu. Ashe karatun bai da wuya, ba a dai kira mu ba ne.

Ƙanena ya shiga Ƙofar Ruwa ya sayo robar da sababbin fulogi. Sa robar shi ya yi, don ƙusoshin murfin ba sa son ɗauri da ƙarfi. Fulogin kuwa ni na ɗaura. Ana fara murzawa da hannu ne a hankali har ya zauna, sannan a ɗan ƙara da sifana, domin kan injin alminiyam ne, idan aka tilasta shi a karkace zaren ya lalace, an sayi babban aiki. Fulogi na gama-gari kan yi kamar kilomita 30,000, mai bakin iridiyam kuwa yakan kai wajen 100,000, sai dai a yi hattara da jabu, an cika kasuwa da su, haka ma baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi.

Akwai abin da ba na taɓawa. Burki, da duk aikin da sai an ɗaga mota an shiga ƙarƙashinta, na masu sana'a ne, kuma yanzu na samu wani dattijon bakanike da ke nuna mini tsohon kayan da ya cire. Idan an yi juyen mai ina tambaya ko an sa sabon wasa a ƙusar da ake tsiyaye man, don sau da yawa ɗigon da ke biyo bayan sabis daga nan yake, ko daga filtar da ba ta zauna ba.

Da Abban yara ya dawo ƙarshen wata na ajiye masa tsohuwar robar a leda tare da lissafin abin da aka kashe. Ya juya ta, ya lanƙwasa, ta karye a hannunsa kamar busasshen kara. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko na duba ruwan batir.