Miya Sai Da Daddawa, Daddawa Sai Da Kalwa

Mafi yawanmu dafaffiyar manhaja muka sani. Ka buɗe waya, ka danna, ta sauka, ka kama aiki da ita. Ba ka tambayar wa ya surfa, wa ya niƙa, wa ya tuƙa. Sauƙin nan kuwa a kan abu ɗaya ya rataya, wato sabis. Mu mutanen Wagini, a yammacin ƙaramar hukumar Batsari, dab da Dajin Rugu, mun san yadda rayuwa take idan babu shi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, a matsayin matakin tsaro, ba a kuma fara dawo da su ba sai a Disamba. A cikin waɗannan watanni na koyi gina manhaja daga tsabarta, kuma akwatin mahaifina ne sanadi.

Baba tsohon malamin firamare ne. Yana da akwatin ƙarfe cike da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da 'yan ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, da takardun makaranta waɗanda aka buga da tafireta. Nasa jaridun na shekarun 1970 da 1980 ne, takardar ta yi ja, gara ta ci gefen wasu. A shekarun nan da mutane suke kwana da takalmi a kusa, kowa ya san abin da zai ɗauka idan ta ɓaci: yara, da 'yan kuɗi, da waya. Babu mai gudu da akwatin ƙarfe a ka. Ga kuma idon Baba ya yi rauni, ƙananan baƙaƙen jarida sun daina karantuwa gare shi.

Ɗaukar hoton shafukan da waya bai yi mini wuya ba. Sai dai hoto yana da nauyi, ba a kuma iya neman kalma a cikinsa. Idan aka mayar da shafin ya zama rubutu, ya koma ɗan mitsitsi, ana iya ƙara masa girma yadda mai raunin ido zai gani, ana iya tura ɗaruruwan shafuka daga waya zuwa waya cikin ƙiftawar ido. Manhajar da take wannan aiki kyauta, ba tare da intanet ba, sunanta Tesseract. Kamfanin Hewlett-Packard ya fara ta a shekarun 1980, ya sake ta ga kowa a 2005, daga baya Google ya ɗauki nauyinta shekaru da dama. Zubi na 4, wanda ya fito a 2018, ya fi na baya iya karatu nesa ba kusa ba, shi nake so.

Kwamfutata tsohuwa ce, tun ta zamanin karatuna a Dutsin-Ma, kuma Ubuntu 16.04 ce a kanta. Abin da aka tanadar wa wannan tsari shi ne Tesseract 3.04, tsohon zubi. Sabon da aka riga aka dafa, an dafa shi ne don sababbin kwamfutoci. Dafaffiyar manhaja kamar ɗinkakkiyar riga ce, an yanka ta daidai jikin wani. Hanya ɗaya ta rage, in samo rubutun tushe in gina da kaina.

Rubutun tushe shi ne abin da masu ƙirƙirar manhaja suka rubuta da hannunsu, a harsuna irin su C da C++, wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta. Kwamfuta ba ta jin wannan harshe, sai an samu tafinta ya juya mata shi zuwa nata. Tafintan da nake da shi GCC ne, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU, shirin da ya dage cewa duk wanda aka ba manhaja a ba shi tushenta, ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Na daɗe ina jin wannan magana a aji kamar wa'azin wasu mutane masu ƙoshi. Sai a waɗannan watanni na gane amfaninta gare ni. Wanda aka ba tuwo ya ci na yau, wanda aka ba iri kuwa gonarsa ce za ta yi magana, ko da kasuwa ba ta ci ba.

To amma manhaja ba ta tsayawa ita kaɗai. Tesseract karatu kawai ta iya, ba ta san yadda ake buɗe hoto ba. Wannan aikin wani rumbu ne mai suna Leptonica, na wani bawan Allah Dan Bloomberg. Irin waɗannan su masu sana'ar suke kira laburare, ni rumbu nake ce musu, domin wuri ne da aka tara abin da wasu za su zo su ɗiba. Tesseract 4 ba ta karɓar Leptonica ƙasa da 1.74, tsarina kuwa 1.73 aka tanadar masa. Ita ma Leptonica sai da wasu: libjpeg don hoton da waya take ɗauka, libpng, da libtiff. Libpng kuma ba ya ginuwa sai da zlib, mai matse bayanai. Da na yi wa Inna bayani, ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba ta ce, "To ai miya ce. Sai da daddawa, daddawa sai da kalwa, kalwa kuma sai ɗorawa ta yi 'ya'ya."

Wanda yake birni, idan ginin ya tsaya ya ce masa babu kaza, sai ya sauke cikin minti ɗaya ya ci gaba. A wurina kowane abu da babu yana nufin tafiya Katsina, inda sabis bai katse ba, a kan hanyar da ba a binta sai da addu'a. Saboda haka tafiya ɗaya na yi da kaina, na zauna a gidan wani abokina kwana biyu, na buɗe takardar bayanin kowane rumbu ina karantawa, ina rubuta a littafin aji wane ne yake bukatar wane, da lambar zubin da yake karɓa. Sai da jerin ya ƙare a kan zlib, wanda ba ya bukatar kowa sai tafinta, sannan na fara saukewa. Dukansu, haɗe da kundin da manhajar take gane baƙaƙe da shi, ba su kai nauyin fim ɗin Kannywood ɗaya ba. Na zuba a filas biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a cikin hula.

Mai tambaya zai ce, ashe kwamfutar ba ta buɗe hoto tun da can? Tana buɗewa, rumbunan suna ciki. Abin da babu shi ne takardun gabatarwa, 'yan fayilolin da suke gaya wa tafinta abin da rumbu ya ƙunsa da yadda ake kiran kowane aiki a cikinsa. Mai amfani da manhaja ba ya bukatarsu, sai magini. Kuma dole su yi daidai da zubin da yake kan kwamfutar. Da in yi ta kirdado daga nesa, gara in gina komai sabo, kowane rumbu ya zo da takardunsa.

Ginin kansa matakai uku ne, kusan iri ɗaya ga kowane rumbu. Na farko sunansa configure, shi ne mai zagayawa ya duba gida: akwai tafinta? akwai zlib? ina aka ajiye shi? Na biyu make, shi ne mai sa tafinta aiki fayil bayan fayil. Na uku make install, mai kwashe abin da aka gama ya kai ma'ajiya. Na keɓe musu wuri nasu daban, don kada sabo ya danne tsohon da sauran manhajojin kwamfutar suka dogara da shi, na kuma nuna wa pkg-config, mai riƙe da rajistar rumbuna, inda zai fara dubawa. Daga ƙasa ake farawa: zlib, sai libpng da libjpeg, sai libtiff, sai Leptonica, sannan Tesseract. Kamar karatun zaure ne, ba a buɗe Risala kafin Ahalari. Tsallake kuwa ba kullum yake kuka ba. Leptonica za ta ginu lami lafiya ko babu libjpeg, ba za ta tsaya ba, sai ranar da ka miƙa mata hoto ta ce ba ta san wannan ba. Shi ya sa nake karanta rahoton configure layi-layi kafin in matsa gaba.

Sai batun wuta. Faifan sola ɗaya muke da shi da batirin mota, kuma damina ba ta gama tafiya ba. Ƙananan rumbunan suna ƙarewa kafin shayi ya huce, amma Tesseract takan riƙe tsohuwar kwamfutar tana huci har batiri ya kwanta. A nan na ƙaunaci make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a Amurka tun 1976. Ba ta maimaita aikin da ta gama. Takan kwatanta lokacin da aka taɓa fayil ɗin tushe da lokacin da aka fassara shi, idan fassarar ta fi sabunta sai ta wuce. Wuta ta ɗauke da la'asar, gobe da hantsi ta ɗora daga inda ta tsaya. Sharaɗinta ɗaya, agogo ya faɗi gaskiya. Ɗan batirin da yake riƙe wa kwamfutata kwanan wata ya mutu tuntuni, duk sanda aka kashe ta sai ta farka a wata shekara ta baya. Don haka kowace safiya, kafin komai, sai in saita kwanan wata da lokaci daga rediyon Baba.

A kwana na huɗu ta ginu. Na ba ta shafin farko, wani sharhi a kan takin zamani, ta mayar mini da rubutu cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Na ƙara girman baƙaƙen na miƙa wa Baba. Ya karanta layi biyu ya tsaya. "Kai, wannan na'ura taka Bature ce," in ji shi. "Wa ya ce mata kasa? Ƙasa aka rubuta."

Gaskiya ya faɗa. Tesseract tana zuwa da kundin harsuna sama da 100, akwai Yarbanci, akwai Swahili, akwai Amharik, babu Hausa. Kundin Ingilishi da na yi amfani da shi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, yakan mayar da su k da d da b, wani lokaci ma wata alama daban. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Wasu kalmomin na gyara su gaba ɗaya da 'yar dabara, irin su ƙungiya da ɗalibi, waɗanda ba su da tagwaye. Masu tagwayen sai mutum. Ƙanwata takan karanta da ƙarfi bayan sallar isha'i, Baba yana kishingiɗe yana gyarawa, wani lokaci ya tsaya ya ba mu labarin shekarar da aka buga shafin, da farashin buhun rogo a kasuwar Batsari a lokacin. Shafuka 412 muka gama kafin sabis ya dawo.

Akwai abin da aikin ya bar mini wanda ya wuce jaridun. A cikin kowane rumbu akwai fayil mai sunayen waɗanda suka yi shi, na kuwa karanta su duka, tun da ba ni da wani abin karantawa yayin da make take aiki. Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da zlib a 1995. Shi Adler ya yi aiki a hukumar NASA, yana cikin waɗanda suka kula da motar Spirit a duniyar Mars. Aikinsu yana cikin wayar da kake karanta wannan da ita, ba su kuma karɓi ko kwabo a hannunka ba. Yawancin irin waɗannan rumbuna mutane ƙalilan ne suke riƙe da su, wasu a lokacin hutunsu. Hakan yana da hatsarinsa. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an cusa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wani rumbun matse bayanai, ta hannun wani da ya shafe kusan shekaru biyu yana taimakawa har aka amince masa. A cikin kayan ginin aka ɓoye ta. Da na ji labarin na tuna dubban layukan da na danna wa make ban karanta ba, domin babu mai iya karanta su duka. Amana ce ake miƙawa hannu zuwa hannu. Abin da ya sa aka kama waccan shi ne tushen a buɗe yake, wani ya ga jinkirin da bai gamsu da shi ba, ya bi sawu har gida.

Yanzu rubutun yana wayoyin 'yan'uwa da dama, na Batsari da na Katsina da waɗanda suka yi nisa har Kano. Akwatin yana nan inda yake, gara tana ci gaba da nata aikin. Abin da ya rage shi ne a koya wa Tesseract baƙaƙenmu masu lanƙwasa, kuma gyararrun shafukan nan tare da hotunansu su ne irin abin da ake koyar da ita da shi. Kayan koyarwar suna da tasu silsilar: ICU, da Cairo, da Pango, kowanne da 'yan rakiyarsa, sun fi na farko yawa. Na buɗe sabon shafi a littafin aji na fara jera su. Idan akwai mai karatu da yake da tsofaffin jaridu ko littattafan Hausa a akwati, ya ɗauki hotonsu yau, shafi-shafi, a cikin haske, takardar a shimfiɗe. Sauran aikin zai iya jira, takardar ce ba za ta jira ba.