Tambayar Auta a Kan Biredi



Wata safiya na aiki autarmu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta sayo mana biredi a Ƙofar Ƙaura. Ta dawo tana jujjuya shi a hannu, ta ce, "Yaya, me ya sa kullum kuɗinsa ke ƙaruwa, shi kuma yana ƙanƙancewa?" Na ce mata haɗamar masu gidan biredi ce. Ta yi shiru, amma ni abin ya tsaya mini a rai, don na san na faɗa ne kawai a wuce wurin.

Da dare muka ɗauko takarda muka bi sawun biredin. Fulawa daga alkama take, kuma mafi yawan alkamar da muke ci a Najeriya da dala ake sayo ta daga waje. A Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, waɗanda ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, farashinta ya tashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta zube. Ga kuɗin motar da za ta kawo fulawar Katsina. Ga itacen gashi, wanda ake sarowa daga dajin da muke kukan hamada na cinyewa.

Auta ta kalli zanen ta ce, "Ai an koya mana kwararowar hamada, an koya mana shige da ficen kaya, amma ba a ce suna da alaƙa ba."

Nan ciwon yake. Ni ma haka na yi karatu har difloma: kowane darasi a akwatinsa, a haddace, a zube ranar jarrabawa. Wanda ya tashi haka, in abu ya lalace, mutumin da ya fi kusa da shi zai ɗora wa laifi, kamar yadda na yi wa mai biredi. Da malamai za su ware ko darasi ɗaya a mako, yara su bi sawun abu guda daga gida har ƙetare, da an rage irin wannan hukunci.

Mu ma marubuta mu duba kanmu. Labarai nawa muka rubuta inda kishiya ce kaɗai sanadin rushewar gida, ba mu tambayi me ya hana maigida cefane ba?

Takardar tana nan manne a bangon ɗakin Auta. Wannan makon ta ce sawun ruwan 'yan garuwa za mu bi.