Layin da na tsallake

Na kafa wa kaina mataimaki mai hira a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakina, don ba na son sirrin gidana ya kwana a hannun wani. Ta Telegram nake masa magana. Shi ke tuna mini ranar biyan kuɗin makarantar yara da ranar kai mahaifiyata ganin likita.

Duk saitinsa yana cikin fayil guda mai suna .env, layi bayan layi: suna a hagu, alamar daidai, sai abin da ka cika a dama. Da manhajar ta tashi, nan take fara dubawa. Na sa makullin da BotFather na Telegram ya ba ni, na gyara agogo zuwa Africa/Lagos, na tayar da Docker, manhajar da mataimakin ke gudana a cikinta. Da na yi masa sallama ya amsa, sai farin ciki ya ɗauke mini hankali. Akwai layin da ake rubuta lambobin waɗanda aka yarda su yi masa magana. Na gan shi da idona, na ce gobe ma rana ce.

Wani dare ina duba rajistar abin da ya gudana, sai na ga lambar da ba tawa ba. Wani ne da ban sani ba ya tambaye shi abin da ke jadawali, shi kuwa ya amsa cikin ladabi, har da sunan maganin mahaifiyata da lokacin shansa. Gabana ya faɗi. Na daɗe zaune ina kallon allon, kunya ta rufe ni. Ba kutse aka yi mini ba. Na gina katanga mai tsawo ne, na bar ƙofar zaure a buɗe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sirrin ba nawa ba ne, amanar mahaifiyata ce.

A daren na soke makullin na karɓi sabo, na cika layin. A nan ma na koyi cewa sake kunna kwantenar Docker kawai ba ya ɗaukar sabon saiti, sai an sake ƙirƙirar ta.

Ɗan'uwa, idan kana da irin wannan mataimaki, ari wayar wani ka tura masa saƙo yau, ka ga ko zai amsa.