Sukwaya Da 'Yan'uwanta

Kowace shekara idan muka kai darasin siffofi masu gefe huɗu, sai gardama ta tashi a aji. Mu ce sukwaya ma rektangul ce, ɗalibai su ce, "Haba Malam!" A ganinsu rektangul doguwa ce kamar ƙofar coci. Alhali sharaɗinta kusurwa huɗu ne, kowace digiri 90, kuma sukwaya ta cika shi. Kowane zakara kaza ne, amma ba kowace kaza ce zakara ba.

Da can hadda muke sa su. Ranar jarrabawa aka tsayar da sukwaya kan kusurwarta, da yawa suka kasa gane ta. Laifinmu ne.

Yanzu kara huɗu muke haɗawa da ƙaya. Mu tura gefe ɗaya, rektangul ta karkace ta koma faralelogiram. Kusurwoyi sun sāke, jimlarsu tana nan digiri 360. Ran nan wata 'yar magini ta ce babanta yakan ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu, kafin ya haƙa harsashi. In awon ya bambanta, ɗaki ya karkace. Kashegari da igiya muka auna ajinmu.