Ƙugiyar da ta Ɓace a Garwa

A Garwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, wani matashi yana da ɗan ofis inda yake zana wa 'yan kasuwa tambari da shafukan intanet. Wata rana mai masauki ya kawo masa aiki: yana son gaisuwa da Faransanci da Fulatanci da Hausa, domin fataken Yola da Kano su ji sun iso gida. Matashin ya zaɓi kyakkyawan zubin haruffa na Faransa, amma zubin bai san harafin ƙ ba. Da allo ya fito, sai "Maraba da baƙi" ta koma "Maraba da baki". Mai masauki ya ce, "Ɗana, gidana ba na 'yan gulma ba ne."

Aikin ya koma farko, kuɗin fenti ya tafi. Tun daga ranar, matashin ba ya karɓar zubin haruffa sai ya gwada ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da taron Bamako na 1966 ya tabbatar wa Hausa. Ɗalibin da yake ganin ƙugiya ado ce, ya tuna da wannan allo.